Gwiwar ɗan ƙwallo da kan ɗan dambe

A ƙarshen daminar da ta wuce ƙanwata ta zo gidana a unguwar Zariya, tana tafe da ɗanta mai shekara 12 da kuma maganar da ta hana su jituwa a gida kusan wata guda. Yaron yana son shiga ajin takwando da wani malami ke koyarwa da yamma, ita kuwa ta dage cewa ba za ta miƙa ɗanta inda ake koya wa yara shurin juna a ka ba. Ta ce mini, "Yaya, kai da ka san harkar wasanni, ka gaya masa gaskiya, ya tsaya ga ƙwallonsa kamar sauran yara." Yaron bai ce uffan ba, sai dai na lura da ƙyallen da aka naɗa masa a babban yatsan ƙafa, da na tambaye shi sai ya ce, "Kawu, dutse na shura a fili shekaranjiya, farcen ya cire." Uwar ba ta sa wannan a lissafin hatsari ba, domin a wurinta, kamar yadda yake a wurin yawancinmu, raunin ƙwallo ƙaddara ce, raunin wasan faɗa kuwa ganganci ne.

Ni ne mutum na ƙarshe da ya kamata a zo wa da wannan magana ana tsammanin zai wanke ƙwallo. Fiye da shekara 20 ke nan da gwiwata ta hagu ta murɗe a wani wasan unguwa, ba tare da kowa ya taɓa ni ba. Na dasa ƙafa a ƙasa, na juya jiki don in bi ƙwallo, sai na ji wata ƙara a cikin gwiwar kamar an tsinke igiya. Har yau ba na iya zaman tahiya sai na ɗan miƙe ƙafar gefe, kuma idan hunturu ya kama ita ce ke fara sanar da ni. Saboda haka na roƙi ƙanwata ta ba ni mako guda, in tattara abin da na sani in auna shi da kyau, kafin in ba da amsar da yaro zai rayu da ita.

Na fara da ƙididdigar da likitocin kwamitin Olamfik ke yi a kowace gasa, domin a can ne ake tara wasanni masu yawa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kuma a ƙirga raunukansu da ma'auni ɗaya. A gasar Landan ta 2012, kusan kashi 11 cikin 100 na dukan ƴan wasa sun ji rauni. Takwando ne ya zo kan gaba da kusan kashi 39 cikin 100, wanda ke nufin tsoron ƙanwata yana da tushe. Amma wasan da ke biye da shi kafaɗa da kafaɗa shi ne ƙwallon ƙafa, da kusan kashi 35, sannan tseren ƙananan kekuna masu tsalle-tsalle, sannan ƙwallon hannu. Damben zamani da judo da kokowa ba su ma shiga sahun gaba ba a wannan shekarar. Bayan shekara 4, a gasar Riyo ta 2016, sai ga damben zamani ya hau zuwa kusan kashi 30, takwando kuma ya sauko zuwa kusan kashi 24. Wannan gasar ce aka cire wa maza ƴan dambe hular kariya da suke sawa tun 1984, sai tsagewar gira da ta goshi suka yawaita, lissafi ya tashi. Wannan ya nuna mini iyakar amfanin irin wannan ƙididdiga: tana ƙirga ƙujewar fata da tsinkewar jijiya a matsayin rauni ɗaya-ɗaya, kuma sauya doka guda yana iya ɗaga wasa ko ya saukar da shi a jerin. A gasar ta Landan hawan doki yana cikin wasannin da suka fi ƙarancin rauni, alhali duk wanda ya taɓa ganin doki ya kayar da mahayi a sukuwar salla ya san faɗuwa ɗaya daga kan sirdi tana iya kwantar da mutum har abada. Ashe idan muka ce wasa yana da hatsari muna haɗa tambayoyi biyu ne da ya kamata a raba su, wato sau nawa ake jin rauni, da kuma wace gaɓa ce raunin ke nema.

Ƙwallon ƙafa yana neman ƙafa ne tun daga cinya har yatsu. Targaɗen idon sawu, da yagewar naman bayan cinya, da ciwon matsematsi, su ne abincin yau da kullum na ɗan ƙwallo. Mafi muni a cikinsu shi ne irin nawa, wato tsinkewar jijiyar da ke giciye a tsakiyar gwiwa, wadda ke riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba. Sau da yawa tana tsinkewa ne ba tare da karo ba, a lokacin juyawa ko saukowa daga tsalle, kuma ba ta haɗewa da kanta kamar yadda ƙashi ke haɗewa. Ɗan wasan Turai da aka yi wa aiki yakan shafe wata 6 zuwa 9, ko fiye, kafin ya dawo fili, mu kuwa da ba a yi mana aikin ba mukan ci gaba da tafiya a kan gwiwa mai lilo, har guringuntsin ciki ya cinye, ciwon gaɓa ya zo tun kafin furfura. A kan wannan sai a ƙara yanayin filayenmu na unguwa, masu tsakuwa da ramuka da fasassun kwalabe, inda yara ke wasa ba takalmi ko da silifa, ba abin kare ƙwauri, ba alƙalin wasa, kuma ɗan shekara 11 yana shiga tsakanin samari ƴan 18. Hukumar FIFA tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira 11+, wanda bincike ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku ga ƙungiyoyin da ke yin sa a kai a kai, amma a filin unguwa ɗumama jiki shi ne a jefo ƙwallo tsakiya kowa ya bi ta da gudu.

Kokowa kuwa, wadda mu Maraɗawa ba ma bukatar a yi mana bayaninta, ita ce ta fi ba ni mamaki da na zauna na yi tunani a kanta ta wannan fuska. Tun da aka fara gasar Takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasar Nijar, a Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na nan Maraɗi ya ɗauki takobin farko, har filin kokowarmu ya gaji sunansa, dokar wasan ba ta taɓa yarda da naushi ko shuri ba. Ƙarti biyu ne ke kama juna a kan yashi mai taushi, kuma da zarar an kai ɗaya ƙasa magana ta ƙare, babu tashi a sake. Wannan ƙa'ida ta kaye ɗaya ita ce babbar garkuwar ɗan kokowa, domin wanda aka buga da ƙasa ba ya komawa karawa yana cikin jiri. Raunukansu su ne gocewar kafaɗa, da karyewar yatsu wajen riƙo, da murɗewar gwiwa idan aka sa ƙafa, da buguwar haƙarƙari. Inda abin ke zama babba shi ne wuya, idan aka ɗaga mutum sama aka sauke shi da ka, kuma abin da ke ƙara wannan hatsari a Takobi shi ne babu rabon nauyi. Cikin ƴan kokowa 80 da jihohi 8 ke kawowa, mai kilo 75 yana iya faɗawa hannun wanda ya zarce kilo 100. Kokowar ƙauye ta bayan girbi ta fi wannan tsanani, tun da ana yin ta a dandali mai tauri, sau da yawa da dare. Duk da haka, idan aka kwatanta ta da kokowar ƙwararru ta Senegal, wadda ake haɗa kamu da naushin hannu tsirara, za a ga cewa magabatanmu sun tsara wasan da ke gwada ƙarfi ba tare da ya nemi ƙwaƙwalwa ba.

Judo ɗan'uwan kokowa ne, kuma labarinsa ne ya fi koya mini muhimmancin malami. Darasin farko da ake ba ɗalibi, tun daga zamanin Jigoro Kano da ya kafa wasan a 1882, shi ne yadda zai faɗi: ya manna haɓa a ƙirji, ya zagaye baya, ya bugi shimfiɗa da hannu don ya raba nauyin faɗuwar. Yaron da ya iya wannan ya samu abin da zai amfane shi ko daga kan babur ya faɗo. Amma a Japan, mahaifar wasan, wani malamin jami'ar Nagoya mai suna Ryo Uchida ya bi bayanan makarantu ya ƙirga yara fiye da 100 da suka mutu a judo cikin kusan shekara 30 daga 1983, yawancinsu sababbin shiga, kuma da yawansu saboda zubar jini a cikin kai, bayan an riƙa jefa su tun ba su iya faɗuwa ba. Faransa ta fi Japan yawan masu rajistar judo, amma ba a san ta da irin wannan jerin mace-mace ba, kuma tun 1955 dokarta ta wajabta wa mai koyar da judo ya mallaki takardar shaidar ƙwarewa ta gwamnati. Wasa ɗaya ne, dabaru ɗaya, bambancin yana ga wanda ke tsaye a bakin shimfiɗa da kuma abin da yake yarda a yi wa ƙaramin ɗalibi. Ita ma doka tana gyaruwa da darasi: wata dabara ta tsalle a maƙale ƙafafun abokin karawa kamar almakashi, wadda ta karya ƙafar zakaran Japan Yasuhiro Yamashita a 1980, yanzu haramun ce a gasar judo.

Sai maganar kai, wadda a nan ne na ga dole in raba wasannin faɗa gida biyu, ko da ranmu bai so ba. Ƙwaƙwalwa tana shawagi ne a cikin ruwa a ƙoƙon kai, kuma idan duka ya sami muƙamuƙi ya juya kan da sauri, sai ta girgiza ta bugi bangon ƙashi. Safar dambe tana kare hannun mai duka da fatar wanda aka daka, amma ba ta hana wannan girgizar. A karate na gasa, wanda ya sumar da abokin karawarsa da dukan da ya wuce kima hukunci yake sha. A gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, ɗan Saudiyya Tareg Hamedi yana kan gaba a wasan ƙarshe lokacin da shurinsa ya sumar da ɗan Iran Sajjad Ganjzadeh, sai aka kore shi, zinariya ta koma ga wanda aka fitar a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. A dambe kuwa, na zamani da na gargajiya, wannan dukan shi ne nasarar da ake nema. Harshen fagen ma bai ɓoye ba, tun da hannun da aka naɗe da zare ana kiransa mashi, ɗayan garkuwa, kai mutum ƙasa kuma sunansa kisa. Tun 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana halin tsofaffin ƴan dambe masu tangaɗi da sarƙewar harshe kamar mashaya, alhali ba su sha komai ba. A 1982 ɗan damben Koriya ta Kudu Duk Koo Kim ya faɗi a turmi na 14 a Las Vegas, ya rasu bayan ƴan kwanaki, abin da ya sa aka rage wasannin kambun duniya daga turmi 15 zuwa 12. Na sha kallon damben gargajiya, a nan gida da kuma ƙetaren iyaka, kuma ina jin daɗin kiɗan da kirarin kamar kowa, amma na ga an zuba wa wanda ya suma ruwa a ka, an tashe shi ana yi masa kirari, washegari da yamma ya sake naɗe hannu. A damben zamani na masu son wasa, wanda aka sumar ba ya komawa sai bayan aƙalla kwana 30, domin ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba idan ta sake buguwa tana iya kumbura cikin mintuna. Idan tsohon ɗan dambe ya fara mantuwa da rawar hannu da saurin fushi, mukan ce sammu ne ko shaye-shaye, ba ma lissafa dukan da kansa ya sha na shekaru.

Takwando yana tsakanin gidajen nan biyu. An hana naushin fuska, ana sa hula da rigar kare ƙirji da abin kare ƙwauri da damtse da robar haƙora, kuma yawancin raunukan da suka ɗaga shi a lissafin Landan buguwa ce da targaɗe a ƙafa. Amma dokar gasa tana ba shurin kai maki 3, na ƙirji maki 2, tare da ƙari idan an juya, wato tana kwaɗaitar da ɗan wasa ya nemi kai. Abdul Razak Isufu Alfaga, wanda ya kawo mana azurfa daga Riyo a 2016 bayan mun shekara 44 muna jira tun tagullar Isaka Dabore ta dambe a Munik a 1972, kuma ya zama zakaran duniya a 2017, shi ma mahaifinsa ya taɓa hana shi wasan yana yaro bayan wani ɗan'uwansa ya rasu sakamakon raunin karawa, sai da ya koma Togo ya ci gaba. Na ba ƙanwata wannan labari gaba ɗayansa, ban yanke mata rabin da ke goyon bayanta ba. Akwai kuma wani hatsari da ba a gani a fili, wanda takwando ya yi tarayya da judo da damben zamani a cikinsa, wato rage nauyi da gaggawa kafin awo ta hanyar ƙin shan ruwa, abin da a zafin Afrilu na Maraɗi, inda ma'aunin zafi ke wuce digiri 40, bai kamata a bar yaro ya kusance shi ba.

Ƙwallo ma ba ta tsira daga maganar kai ba. A 2002 mai binciken musabbabin mutuwa a Ingila ya yanke cewa ciwon ƙwaƙwalwar da ya kashe tsohon ɗan wasan West Bromwich, Jeff Astle, ya samo asali ne daga yawan buga ƙwallo da ka. A 2019 masu bincike a jami'ar Gilasgo suka bi bayanan tsofaffin ƙwararrun ƴan ƙwallon Sikotilan fiye da 7,600, suka gano cewa yiwuwar mutuwarsu da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka ta sauran mutane kusan sau uku da rabi, daga baya kuma suka nuna cewa ƴan baya ne abin ya fi shafa, masu tsaron gida kuwa, waɗanda ba su cika sa kai ba, ba su bambanta sosai da jama'a ba. A 2020 hukumar ƙwallon Ingila ta ba da umarnin a daina koya wa yaran firamare buga ƙwallo da ka a atisaye. Wannan bincike na ƙwararru ne da suka shekara suna wasa, bai kamata a tsoratar da iyaye da shi fiye da kima ba, amma ya isa ya rushe zaton cewa yaron da ya zauna a ƙwallo kansa yana cikin aminci.

Abin da ke faruwa bayan rauni, a wurinmu, sau da yawa ya fi raunin kansa ɓarna, kuma a nan duk wasannin daidai suke. Wanda ya faɗi a kan wuyansa mukan ruga mu ɗaga shi zaune, alhali idan ƙashin wuya ya tsage wannan ɗagawar ce ke iya taɓa lakar da ta rage lafiya. Abin da ya dace shi ne a riƙe kan yadda yake har a samu masu ɗauka. Wanda ya bugu a ka ya tashi yana dariya mukan ce ya warware, alhali akwai zubar jinin da ke ba mutum sa'o'i yana magana lafiya kafin ya faɗi, saboda haka amai, da ciwon kai mai ƙaruwa, da barci mai nauyi, da rikicewar magana, duk dalilai ne na zuwa asibiti a daren, ba a jira safiya ba. Game da maɗora, ba na cikin masu raina su, domin na ga karayar da suka ɗora ta haɗu sumul. Sai dai maɗori ba ya ganin cikin gaɓa, ba ya ɗinke jijiyar da ta tsinke, kuma ɗaurin kara da ya yi tsauri a kan hannu mai kumburi yana iya tsayar da jini har hannun ya mutu. Ga yaro musamman, wanda ƙarshen ƙasusuwansa ke da wurin tsiro mai taushi, ya kamata a fara ɗaukar hoton ƙashi, wanda a nan muke kira radiyo, kafin a yanke shawarar inda za a kai shi. Ni kaina wata uku na yi ana murza mini gwiwa da man shanu, ana neman gocewar da babu ita.

Da mako ya cika, na ce wa ƙanwata mu je tare mu ga ajin da idonmu, ba tare da mun sanar da malamin ba. Mun zauna a kan benci kusan awa ɗaya da rabi. Ya fara da gudu da miƙe gaɓoɓi na kusan minti 20, ya jera yaran bisa tsawo da nauyi, sababbin shiga kuma ba su taɓa juna ba ko sau ɗaya, matashin roba kawai suke shuri. Manyan ne suka kara a ƙarshe, da hula biyu da ake karɓa-karɓa, ɗaya ma igiyarta ta tsinke an ɗaure da ƙyalle, abin da ban ji daɗinsa ba kuma na gaya masa. Ƙanwata ce ta yi tambayar da ta fi tawa, ta ce, "Malam, idan aka bugi yaro a ka ya ce maka lafiyarsa lau, me kake yi?" Ya ce yana zaunar da shi, ya aika a kira iyayensa, kuma ba ya dawowa sai likita ya duba shi. Da ya ce mata yana barinsa ya ci gaba don ya koyi jarumta, da a nan maganar ta mutu.

Mun amince yaron ya shiga, bisa sharaɗin ba zai yi karawar da ake shurin kai ba sai ya ƙara shekaru kuma ya mallaki hular kansa, ba zai rage nauyi don wata gasa ba, kuma duk ranar da ya dawo da ciwon kai zai faɗa ko da yana tsoron a hana shi. Dambe kuwa na gaya masa a gaban uwarsa cewa ba da yawuna ba, yau ko gobe. Ƙwallon ba mu hana shi ba, amma washegari na kai shi babbar kasuwa na saya masa takalmin wasa da abin kare ƙwauri, sannan muka biya asibiti aka duba yatsan, aka yi masa allurar rigakafin sarƙe-haƙora, domin da aka kwance ƙyallen an tarar wurin ya fara ruwa.